Squier Stratocaster: Tarihin Jitar Masu Koyo

Squier Stratocaster jita ce mai aiki da lantarki wadda kamfanin Fender na Amurka yake sayarwa tun shekarar 1982, kuma ita ce mafi araha a cikin dangin jitocin da ke amsa sunan Stratocaster. Idan aka jingine ta kusa da yayarta da ake ƙerawa a Kalifoniya, wanda bai saba da kayan kiɗa ba zai sha wuya kafin ya bambance su. Ƙaho biyu ne a kafaɗa, tsirkiya shida, maɗaukan sauti uku a jere a ƙirji, sai ɗan sandan ƙarfe da makaɗi ke dannawa domin muryar jitar ta yi rawa. Bambancin yana rubuce a kanta, inda sunan Squier ya fito ɓaro-ɓaro, na Fender kuma ya raɓe a gefe da ƙananan haruffa. Sauran bambancin yana ga kuɗi. Ƙananan samfuran Squier ba sa wuce 'yan ɗaruruwan daloli, ta Amurka kuwa sai an haura dala 1,000 da nisa. Wannan tazara ce ta mayar da ita jitar farko ga ɗimbin masu koyo a duniya, yara da manya.

Arahar tata ta samo tushe ne daga yadda aka tsara Stratocaster tun asali. Leo Fender, wanda aka haifa a 1909, mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton, kuma har ya bar duniya a 1991 bai iya kaɗa jita ba. Da idon mai gyara ya kalli abin. Kafin zuwansa, ƙera jita aikin gwanayen masassaƙa ne: a sassaƙa fuska, a lanƙwasa gefe, a haɗa wuya da gangar jiki da gam ta yadda ba sa rabuwa. Shi kuwa sai ya yanko gangar jikin daga tsinken katako marar rami, ya ƙera wuyan daban, ya ɗaure su da kusoshi huɗu masu murɗi. Wayoyi da maɗaukan sauti da maɓallan ƙara murya duk ya liƙa su a jikin faifan roba guda, wanda ma'aikaci zai harhaɗa a teburinsa sannan a kawo a kifa a kan katakon. Wuya ya karkace, a kwance shi a sa wani. Da wannan tunani ya fito da Telecaster a farkon shekarun 1950, sannan Stratocaster a 1954, tare da taimakon abokan aikinsa George Fullerton da Freddie Tavares da shawarar makaɗa irin su Bill Carson.

Maɗaukin sauti shi ne zuciyar jitar lantarki, kuma aikinsa ba shi da wuyar fahimta. Ƙananan sandunan maganaɗisu ne guda shida, ɗaya a ƙarƙashin kowace tsirkiya, an naɗe su da siririyar wayar tagulla mai kaurin gashi har zagaye wajen 8,000. Tsirkiyar ta ƙarfe ce. Da zarar an taɓa ta ta fara kaɗawa a saman maganaɗisun, sai wata 'yar wuta marar ƙarfi ta taso a cikin wayar, ta bi igiya zuwa na'urar ƙara sauti, ta fito ta lasifika. A garaya ko gurmi, ƙoƙo da fatar da aka rufa masa su ne ke ba da amo. A nan katakon shiru yake, kusan duk aikin yana ga waya da maganaɗisu. Abin da ke cikin wannan tsari duka, daga kusoshi har wayoyi, masana'anta za ta iya maimaita shi sau dubu ba tare da neman hannun gwani ba. Alherin tsarin ke nan, kuma shi ne ya zame wa kamfanin ƙarfen ƙafa daga baya, domin abin da ke da sauƙin ƙerawa yana da sauƙin kwaikwayo.

A 1954 ana sayar da Stratocaster dala 249.50, kuɗin da ya fi ƙarfin yaron makaranta. Fender ta gane haka da wuri, shi ya sa a 1956 ta fito da Musicmaster da Duo-Sonic, masu gajeren wuya domin ƙananan hannuwa, sannan Mustang a 1964. Jitoci ne masu kyau, amma kamanninsu daban ne. Yaron da ya ga Buddy Holly ko Hank Marvin, ko daga baya Jimi Hendrix, da Stratocaster a rataye, ita yake so, ba ƙanwarta ba.

Shi kansa sunan Squier ya girmi Fender da fiye da shekara 50. Jerome Bonaparte Squier ya zauna a Amurka, ya yi noma da ɗinkin takalma, ya kuma ƙware a ƙera gogen Turawa. Ɗansa Victor Carroll Squier ya gaji sana'ar, ya buɗe shagonsa a Battle Creek da ke jihar Mishigan a 1890. A wancan zamani tsirkiyoyi masu kyau daga Turai ake kawo su da tsada, sai Victor ya shiga yin nasa. Da buƙata ta yi yawa, ya ɗauki keken ɗinki na ƙafa ya sauya masa aiki, ya mayar da shi na'urar naɗa tsirkiya. Kamfanin ya bunƙasa a kan wannan sana'a, ya riƙa sayar wa Fender tsirkiyoyi tun shekarun 1950, har Fender ta saye shi a 1965. Zuwa tsakiyar shekarun 1970 an daina buga sunan a kan fakitin tsirkiya. Ya zauna a cikin takardun kamfani, babu mai amfani da shi.

A cikin shekarar nan ta 1965, a watan Janairu, Leo Fender ya sayar da kamfaninsa ga CBS, babbar kafar rediyo da talabijin, a kan dala miliyan 13. Ciniki ya ƙaru ƙwarai a hannun sababbin masu shi, amma makaɗa suka fara gunaguni. An faɗaɗa kan jitar. A farkon shekarun 1970 aka rage kusoshin wuya daga huɗu zuwa uku. Fenti ya yi kauri, wasu jitocin suka yi nauyin da ke gajiyar da kafaɗa, kuma ana samun waɗanda wuyansu ke motsi a mazauninsa. Ba duka ne suka lalace ba, akwai nagartattu a cikinsu, sai dai sunan ya riga ya ɓaci. Masu kuɗi suka koma farautar tsofaffin da aka yi kafin zuwan CBS, suna cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Masu ƙera jita a Japan sun lura da wannan giɓi. Sun fara ne da kwaikwayo marar inganci a shekarun 1960, abin da Amurkawa ke kallo su yi dariya. Amma zuwa ƙarshen shekarun 1970 labari ya sha bamban. Kamfanoni irin su Tokai da Fernandes, da masu sayar da jitar Greco, sun samo tsofaffin Stratocaster na shekarun 1950 da 1960, sun warware su gunduwa-gunduwa, sun auna kaurin wuya da lanƙwasar jiki da launin fenti, suka riƙa fito da irinsu sak a farashi mai rahusa. Wato suna sayar wa duniya jitar da Fender ta daina yi, a lokacin da duniya ke nemanta ruwa a jallo. A Turai, inda ƙarfin dala a farkon shekarun 1980 ya ƙara wa kayan Amurka tsada, kasuwa ta fara suɓucewa. Ɗan hakin da aka raina ya tsone ido.

A 1981 CBS ta ɗauko sababbin shugabanni daga reshen Yamaha na Amurka, cikinsu har da Bill Schultz da Dan Smith, ta damƙa musu gyaran kamfanin. Shawarar da suka yanke ita ce ta haifi jitar da ake magana a kanta. Maimakon su ƙare ƙarfinsu a kotu, sai suka tafi Japan suka ƙulla kasuwanci da waɗanda ke cin kasuwarsu. A watan Maris na 1982 aka kafa Fender Japan, haɗin gwiwa da kamfanonin dillancin kayan kiɗa biyu, Kanda Shokai da Yamano. Aikin ƙira aka ba masana'antar FujiGen da ke Matsumoto, wadda ita ce ke yin Greco. Kanda Shokai, mai sunan Greco, ta daina sayar da kwaikwayon Fender. Hannuwan da suka ƙware a kwaikwayo su ne aka ba izinin yin na gaskiya. Dan Smith ya sha ba da labarin ranar da samfuran farko suka iso Fullerton: ma'aikata suka taru suna jujjuya su, wasu kamar su yi hawaye, domin ingancin da suke ta fafutukar dawowa da shi ne ya zo musu a cikin kwali daga wata ƙasa.

Da farko a cikin Japan kawai aka yi niyyar sayar da su. Dillalan Turai suka matsa, suna neman abin da za su kara da Tokai. Matsalar ita ce suna. Idan aka buga Fender a kan jita mai rabin farashi, wa zai sake sayen ta Amurka? A nan aka tuna da tsohon sunan masu tsirkiya. Rukunin farko da ya isa Turai a 1982 yana ɗauke da babban tambarin Fender da ƙaramin rubutun Squier a gefe. Ba a daɗe ba aka juya tsarin, Squier ya zama babba, kuma haka yake har yau.

Waɗannan jitoci na farko ana kiransu JV, saboda haruffan da lambarsu ke farawa da su, wadda aka buga a kan farantin ƙarfen da ke riƙe da wuya. Kwafi ne na Stratocaster ta 1957, mai wuyan farin katako, da ta 1962, mai baƙin allo a fuskar wuya, kuma na farkon cikinsu da maɗaukan sauti ƙirar Amurka aka haɗa su. Yana da kyau a fahimci cewa ba a yi su a matsayin kayan yara ba. Jitoci ne cikakku da aka rage wa kuɗi saboda aiki ya fi araha a Japan a wancan lokaci. Ƙwararru sun riƙe su ba tare da jin kunya ba. Jeff Healey, makahon makaɗin nan ɗan Kanada da ke kwantar da jita a cinya yana danna tsirkiya daga sama, da Squier ƙirar Japan ya yi suna. Daga ƙarshen 1983 aka fito da rukunin SQ mai kamannin shekarun 1970, sunan kuma ya shiga shagunan Amurka.

Sai ga wani juyi da ya nuna amfanin wannan ƙawance. A 1985 CBS ta gaji da harkar, ta sayar da Fender ga Bill Schultz da abokansa a kan dala miliyan 12.5, ƙasa da abin da ta biya shekara 20 da suka wuce. Cinikin bai haɗa da masana'antar Fullerton ba. Sababbin masu kamfanin suka wayi gari da suna da zane-zane da tarin kayan gyara, amma babu inda za su ƙera jita. Tsawon watanni, kusan duk abin da Fender ke sayarwa daga Japan yake zuwa, har aka buɗe ƙaramar masana'anta a garin Corona wadda ta fara da 'yan jitoci ƙalilan a rana. Da babu FujiGen da Squier a wannan shekara, da wuya a ce sunan Fender ya tsallake.

A watan Satumba na shekarar dai, manyan ƙasashe biyar suka yi yarjejeniya a otal ɗin Plaza da ke New York don rage darajar dala. Dala ɗaya da ke sayen yen wajen 240 ta koma ƙasa da 150 cikin shekara biyu. Kayan Japan suka yi tsada a waje, jitar araha kuma ba ta iya zama a inda aiki ya yi tsada. Daga nan Squier ta shiga yawon da ba ta daina ba. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 aikin ya koma Koriya ta Kudu, hannun kamfanoni irin su Young Chang da Samick da Cort. An ɗan yi wasu a Indiya, an yi wasu a Meziko, sannan daga shekarun 1990 Sin da Indonesiya suka karɓe mafi yawan aikin.

A wannan zango ne sunan ya zube. Gasa ta koma ta wanda ya fi kowa araha, kuma an rage abin da bai kamata a rage ba. An yi wasu samfuran da filawud, wato siraran faifan katako da aka manna da gam aka lulluɓe da fenti mai kauri. Maɗauran tsirkiya na kai suna santsi, a saita murya yanzu ta sauka kafin a gama waƙa ɗaya. Bakin ƙarafan da ke gitta wuya yana karce tafin hannu. Ba dukan na Koriya ne haka ba, amma waɗanda suka fara koyo a kan irin waɗannan sun tashi da ra'ayin cewa Squier abin wasa ce, araha ba ta ado, kuma ra'ayin ya daɗe bai gushe ba. Yamaha ta ga dama ta samu. Jitarta Pacifica 112, wadda ta fito a 1993, da gundarin katako aka yi ta, kamfanin kuma ya yi ta tallar hakan, har da samfurin da ba a rufe shi da fenti ba domin mai saye ya ga katakon da idonsa. Wannan gasa ta amfani masu koyo fiye da kowa, don ta tilasta wa sauran kamfanoni ɗaga nasu.

Fender ta gyara tafiya a rabin ƙarshe na shekarun 1990. Ta fito da Pro Tone daga Koriya da katako mai kyau, da Vista daga Japan mai sababbin siffofi, sannan Affinity, wadda ta zama ginshiƙin kasuwar. Affinity ce aka fi sakawa a cikin babban kwalin nan da iyaye ke saya wa 'ya'yansu: jita, ƙaramar na'urar ƙara sauti, igiyar haɗawa, maratayi, jaka da 'yan filafilan roba na kaɗa tsirkiya, duk a farashi ɗaya. A ƙasanta a da akwai Bullet, sunan da aka aro daga wata jitar masu koyo da Fender ta yi a Amurka a 1981. Akwai kuma ƙaramar Mini ta yara, mai tsawon tsirkiya inci 22.75 maimakon 25.5 na cikakkiya. Abin da ya fi taimakawa a wannan lokaci shi ne yaɗuwar injinan sassaƙa masu aiki da kwamfuta. Injin da ke yanka mazaunin wuya a Indonesiya bai san jitar ta dala 200 ce ko ta 2,000 ba, awo ɗaya zai yanka. Daga nan kuskuren ƙira ya ragu ƙwarai, bambancin ya koma ga kayan haɗi da lokacin da ɗan'adam ke ɓatawa a kan kowace jita.

Inda ake rage kuɗin sananne ne. Shekaru da dama gangar jikin Affinity ba ta wuce kaurin milimita 40 ba, alhali ta asali tana kusan 45. Ana amfani da itatuwa masu saurin girma da sauƙin samu. Maɗaukan sauti na masu tsada da sandunan maganaɗisu na gaurayen alminiyom da nikel da kobal ake yin su, na masu araha kuwa sandunan ƙarfe ne da aka liƙa wa maganaɗisun yumɓu a ƙasa, muryarsu ta fi kaifi da tsauri. Dunƙulen ƙarfen da ke ƙarƙashin jaki, inda gindin tsirkiyoyi ke maƙalewa, siriri ne na tutiya maimakon mai nauyi na baƙin ƙarfe. Maɓallai da makunnin zaɓen murya mai matsayi biyar ƙanana ne, sukan fara ƙarar ƙasa-ƙasa bayan 'yan shekaru. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke hana koyo. Da yawansu ma kunnen mai koyo ba zai ji su ba.

Abin da ke hana koyo shi ne rashin saiti, kuma a nan ne masana'anta ke tsimin lokaci. Jita takan fito daga kwali bayan ta yi makonni a cikin jirgin ruwa, ta bar damshin Indonesiya ta shiga busasshiyar iska, wuyan ya ɗan lanƙwashe, tsirkiyoyi sun yi nisa da allo. Yaro ya danna da iyakar ƙarfinsa, kan yatsunsa ya yi ja ya yi zafi, sautin ya fito a shaƙe, ya ɗauka laifinsa ne. Mai gyara kuwa aikin awa ɗaya ne a wurinsa. Zai runtse ido ɗaya ya hango tsawon wuyan daga kai, kamar kafinta mai duba miƙewar katako. Zai zura ɗan makulli a ramin da ke kan jitar ya murɗa sandan ƙarfen da ke ɓoye cikin wuya, rubu'in zagaye kawai, ya dakata katakon ya amsa. Zai sauke jakin kowace tsirkiya har tazararta da ƙarfen gaɓa na 12 ta dawo kusan milimita biyu. Zai ɗan zurfafa tsagogin da tsirkiyoyi ke bi a kai, ya goga musu bakin fensir don su daina maƙalewa, ya bi gefen wuya da ƙaramar zarto yana kashe kaifin ƙarafa. Jitar da ta shigo tana faɗa da hannu sai ta fita tana bin yatsa. Babban abin da mai sayen ta Amurka ke biya, wannan awa ɗin ne da irinsa.

Tsarin Leo Fender na kwance-ka-ɗaura ya ba Squier wata rayuwa ta biyu. Tun da kusan komai da kusa aka ɗaure shi, mai ita zai iya sauya maɗaukan sauti bana, maɗauran tsirkiya baɗi, ya koyi riƙe ƙarfen narka dalma a kan jitar da ba ya tsoron ɓatawa. Masu gyaran jita da yawa a kanta suka yi ƙuruciyar sana'arsu.

Shekarar 2008 ce ta wanke sunan. A cikinta aka fito da Classic Vibe, ƙirar Sin, wadda ta koma kan tunanin JV: kamannin shekarun 1950 da 1960, cikakken kaurin jiki, maganaɗisu irin na asali, aiki mai tsabta. Makaɗa suka fara gwada ta da Fender ƙirar Meziko mai kusan ninkin kuɗinta, kuma ba kullum mai tsadar ke yin nasara ba. An mayar da ƙirarta Indonesiya a 2019. Ko mafi arahar ma ta samu shaida daga sama, domin Mike Rutherford na ƙungiyar Genesis ya hau manyan dandamali da Squier Bullet a rangadinsu na 2021 zuwa 2022. A 2023 aka maye gurbin Bullet da rukunin Sonic.

Dokar kare itatuwa ma ta taɓa ta. Daga Janairun 2017 yarjejeniyar CITES ta tsaurara cinikin baƙin katakon da ake shimfiɗawa a fuskar wuya, ta yadda kowane kaya sai da takardar izini zai ƙetare iyaka. A taron da aka yanke wannan hukunci aka sanya madobiya ta Afirka ta Yamma a jerin itatuwan da ake karewa, saboda yadda ake sare ta ana lodi zuwa Sin. Squier ta koma amfani da wani katakon Indiya mai ɗan hasken launi, kuma ko da aka sassauta dokar ga kayan kiɗa a ƙarshen 2019, ba ta koma wa na da ba.

Ta fuskar shari'a kuwa, Fender ta sha kaye a 2009, lokacin da hukumar rajistar alamun kasuwanci ta Amurka ta ƙi ba ta mallakar siffar gangar jikin Stratocaster, bisa hujjar cewa siffar ta riga ta zama ta kowa. A lokacin, siffar kai da suna kawai suka rage mata. Saboda haka kasuwannin duniya cike suke da jitoci masu wannan ƙira da sunaye barkatai, wasu ma na jabu ne ɗauke da tambarin Fender. Irin wannan siffa ce aka fi gani a hannun makaɗan Abzinawa a bukukuwan Agadas. Mdou Moctar na Nijar, wanda ya naɗi faifansa na farko a Sakkwato a 2008 kuma yake zagaya duniya da Stratocaster ta bahago, da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. A inda dala 200 ta fi albashin wata, har jitar da Turawa ke kira ta masu koyo kaya ce ta masu hali, kuma yawanci ta hannu ce ke isowa.

Kamfanin da kansa ya daɗe bai san masu sayen kayansa da kyau ba. Binciken da ya gudanar bayan Andy Mooney ya karɓi shugabanci a 2015 ya nuna cewa kusan kashi 45 cikin 100 na jitocinsa sababbin shiga ne ke sayensu, rabin sababbin kuma mata ne, sannan kashi 90 cikin 100 na masu farawa suna ajiye jitar kafin shekara ta zagayo. Kashi goman da suka jure su ne ke dawowa su sayi ta biyu da ta uku, har su kai ga ta Amurka. Wannan lissafi ya sa jitar farko ta zama abin kulawa fiye da da, ya kuma sa aka buɗe darussan intanet na Fender Play a 2017. Lokacin kullen korona a 2020 aka ba da darussan kyauta na wata uku, mutane suka yi rububin shiga, kamfanin ya yi cinikin da bai taɓa yin irinsa ba, har jitocin masu koyo suka yi ƙaranci a shaguna.

A yau dangin suna hawa-hawa ne: Debut da Sonic a ƙasa, Affinity a tsakiya, Classic Vibe a sama, sai Paranormal mai gauraya siffofin tsofaffin samfura. Mai son sanin asalin wadda ke hannunsa zai duba lambar da ke bayan kai ko a farantin wuya. IC na nufin masana'antar Cort ta Indonesiya, CY masana'antar Yako ta Sin, KC kuma Cort ta Koriya. Waɗanda ke ɗauke da JV da SQ sun bar sahun jitocin masu koyo tuntuni. Masu tara tsofaffin kayan kiɗa ne ke nemansu yanzu, kuma JV ta rukunin farko mai babban tambarin Fender, idan ba a sauya mata komai ba, takan kai kuɗin sabuwar Stratocaster ƙirar Amurka.